Kwandalolin Tsibiran da Ba Kowa: Kuɗi Ne ko Kayan Ado?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi wasu kwandaloli guda takwas ta intanet, a jikinsu an rubuta Bouvet Island, ga hoton tsuntsayen fengwin da jirgin ruwa. Mai sayarwar ya ce kuɗin tsibirin ne na hukuma, kuma saiti dubu biyu kacal aka buga, don haka za su yi tsada nan gaba. Da na bincika sai na ga ashe babu mutum ko ɗaya a tsibirin. To wa zai kashe kuɗin? An cuce ni ne? Kuma yana da na wasu wuraren, irin su Heard da Clipperton da Jojiya ta Kudu. In ƙara saye in ajiye, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: shin abin da ke hannunka kuɗi ne, shin an yi maka ƙarya, sannan shin ajiye irinsa zai kawo riba. Na daɗe ina tara tsabar kuɗin ƙasashe, kuma irin waɗannan na tsibirai sun sha ratsa hannuna, wasu na saye su da saninsu, wasu kuwa sai da na biya kuɗin makaranta. Gajeriyar amsa ita ce kwandalolin Bouvet ba kuɗi ba ne, wani ɗan kasuwa ne ya sa aka buga masa su. Amma kada ka yi wa sunayen nan huɗu da ka lissafa kuɗin goro, domin ɗaya daga cikinsu hukuncinsa daban ne. Rashin mutane a tsibiri ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne wace hukuma ce ta tsaya wa kwandalar.

Bouvet ɗin kansa

Tsibirin yana can ƙuryar kudancin Tekun Atlantika, kuma shi ake ɗauka tsibiri mafi nisa da kowace ƙasa a duniya, don gaɓar Antaktika da ta fi kusa da shi ta haura kilomita 1,600. Wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Jean-Baptiste Charles Bouvet de Lozier, shi ya fara hango shi ranar 1 ga Janairun 1739, kuma ko sauka bai iya yi ba saboda hazo da ƙanƙara. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 49 ba, sama da kashi 90 cikin ɗari kuma ƙanƙara ce ta lulluɓe shi. Norwe ta kafa tutarta a can a 1927, ya zama yankinta a hukumance a 1930, tun 1971 kuma gandun kare halittu ne. Babu gari, babu tashar jirgin ruwa, babu kanti.

Abin da ya shafe ka a nan shi ne mallakar. Tsibirin na Norwe ne, kuɗin Norwe kuwa kurona ne, babban bankin ƙasar ne kaɗai doka ta ba ikon fitar da shi. Bouvet ba shi da gwamnatin kansa da za ta sa hannu a wata doka ta ce ga kuɗinta. Saboda haka duk wanda ya ce maka "kuɗin hukuma na Bouvet" ne, ka tambaye shi wace hukumar. A nan maganar ke tsayawa.

Haka tsibiran Heard da McDonald suke, su na Ostireliya ne tun 1947, kusan kilomita 4,000 kudu maso yamma da birnin Perth, kuma kuɗinsu, in har za a ce suna da shi, dalar Ostireliya ce. Haka Clipperton, wani ɗan zoben murjani a Tekun Pasifik, fiye da kilomita 1,000 daga gaɓar Meziko, wanda Sarkin Italiya Victor Emmanuel na III ya yanke hukuncin cewa na Faransa ne a 1931. Babu ɗayansu da ke da hukumar fitar da kuɗi.

Me ya sa sai waɗannan tsibiran?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mutum zai buga kwandala ya rubuta mata sunan Norwe da darajar kurona 20 ya kwaikwayi fasalin ta gaske, ya yi jabun kuɗi ke nan, kuma kotu na jiransa. Amma in ya rubuta sunan wani dutse mai ƙanƙara da ba ya da mazauna, ya ƙirƙiro zanen kansa, ya sa wata daraja da ba ta kwaikwayi komai ba, wa zai kai ƙara? Ba a yi jabun abin da babu na gaskensa. Dokokin da ake da su galibi kwaikwayo suke hukuntawa. A Amurka, misali, dokar 1973 ta tilasta a buga kalmar COPY a jikin duk abin da aka kwaikwayo daga tsohon kuɗi na gaske, Tarayyar Turai kuma ta yi ƙa'ida a 2004 kan lambobin ƙarfe masu kama da yuro, bayan da kasuwa ta cika da abin da ake kira "yuron gwaji" na ƙasashen da ma ba su shiga yuro ba. Kwandalar Bouvet ta bi ta tsakanin waɗannan dokoki ta wuce abinta.

Dalili na biyu mu ne, masu tarawa. Akwai wata cuta da ke kama yawancinmu, ta son a ce kowace ƙasa da kowane yanki na duniya muna da kwandalarsa ko da guda ɗaya ce. To jerin ƙasashe da yankuna na duniya, wanda kake gani in za ka cike fom a intanet, yana ɗauke da waɗannan wuraren kowanne da lambarsa: BV na Bouvet, HM na Heard da McDonald, GS na Jojiya ta Kudu. Bouvet har adireshin intanet nasa na kansa gare shi, .bv, ko da yake ba a amfani da shi. Sunan Heard da McDonald ma har ya faɗo cikin wuraren da Amurka ta ƙaƙaba wa harajin kashi 10 cikin ɗari a Afrilun 2025, duniya ta yi ta dariya wai an sa wa fengwin haraji. Mai tarawa ya buɗe kundinsa ya ga gurbi babu komai a ciki, ɗan kasuwa kuma ya ga gurbin nan kafin shi.

Na uku, buga kwandala ba shi da tsadar da mutane ke zato. Akwai masana'antu masu zaman kansu da yawa da ke buga lambobin yabo da na tunawa, kai musu zane da kuɗin aiki kawai za ka yi. Mafi tsada shi ne sassaƙa hatimin ƙarfen da ake bugawa da shi. Da zarar an yi shi, kowace kwandala kuɗin ƙarfenta ne da ɗan ladan inji.

Waɗanda hukuma ta tsaya musu

Yanzu mu zo kan Jojiya ta Kudu, wadda na ce hukuncinta daban ne. Cikakken sunan yankin Jojiya ta Kudu da Tsibiran Sandwich ta Kudu, kuma yankin Birtaniya ne na ƙetare. Shi ma ba shi da mazauna na dindindin, sai jami'ai da masu bincike a King Edward Point da masu kula da gidan tarihi a Grytviken, tsohuwar tashar masu farautar kifin wel, inda aka binne Ernest Shackleton, shahararren mai binciken Antaktika, a 1922. Amma yana da gwamnati. Ofishinta na Stanley a tsibiran Falkland, Gwamnan Falkland ne Kwamishinanta, tana yin dokoki, tana karɓar kuɗin lasisin kamun kifi da kuɗin saukar masu yawon buɗe ido, tana sayar da kan sarki. Wannan gwamnatin ta ba da izini a riƙa buga kwandaloli da sunanta tun shekarar 2000, kuma masana'antar Pobjoy da ke Surrey a Ingila ce ta daɗe tana wannan aikin har ta rufe a ƙarshen 2023. Yankin Antaktika na Birtaniya ya bi sahu a 2008. Waɗannan kwandalolin suna ɗauke da hoton Sarauniya Elizabeth ta II, na baya-bayan nan kuma Sarki Charles na III, kuma a doka halastattun kuɗi ne a yankin da sunansa ke jikinsu.

Sai dai ka fahimci abin da "halastaccen kuɗi" ke nufi a nan, don a kansa masu talla suke cin kasuwa. Ma'anarsa ita ce dokar wannan yankin ta amince a biya bashi da shi a cikin yankin. Fam 2 na Jojiya ta Kudu ba za a karɓe shi a kantin Landan ba, banki ma ba zai canza maka shi ba. Ba a taɓa buga shi don ya zaga hannun mutane ba. Ciniki ne tsakanin ɓangare biyu: gwamnati ta ba da aron sunanta ta karɓi kasonta, masana'anta ta buga ta sayar wa masu tarawa a farashin da ya ninka darajar da ke rubuce sau da yawa. Ƙananan ƙasashe masu mutane ma suna wannan sana'ar, Niue da Palau da Tsibiran Cook sun yi suna a kanta. Niue, da mutanenta ba su kai dubu biyu ba, an buga kwandaloli barkatai da sunanta masu hotunan zanen katun na yara, waɗanda yawancin 'yan ƙasar ba su taɓa riƙewa ba.

Akwai kuma na tsakatsaki, waɗanda su ne suka fi rikita sababbin shiga. Tristan da Cunha tsibiri ne mai mutane ƙasa da 300, yana da majalisarsa, kuma a ƙarƙashinsa akwai wasu tsibiran da ba kowa: Nightingale, Inaccessible, Stoltenhoff, da Gough inda masu lura da yanayi na Afirka ta Kudu kaɗai ke zama. A 2008 aka fitar da saitin kwandaloli da sunan Stoltenhoff, wani ɗan dutse da tsuntsaye kawai ke kwana a kansa. Abin dariyar shi ne 'yan'uwan nan biyu Jamusawa da aka sa wa dutsen sunansu, Gustav da Friedrich Stoltenhoff, ba a can suka zauna ba. A Inaccessible suka yi zaman wahala daga 1871 har jirgin ruwan binciken Birtaniya mai suna Challenger ya kwashe su a 1873. Irin waɗannan kwandalolin suna jingina ne da sunan Tristan da hoton Sarauniya, masu tarawa kuma har gobe suna gardama ko a lissafa su cikin kuɗi ko cikin kayan tsaraba. Ni a kundina shafi daban na ware musu.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani yanki da ake yawan sakawa cikin jerin "wuraren da ba kowa" wanda ba na son a wuce shi da wasa. Yankin Birtaniya na Tekun Indiya, wato tsibiran Chagos, shi ma an buga kwandaloli da sunansa, kyawawa masu hoton kunkuru da kifaye. Amma rashin mazaunansa ba irin na Bouvet ba ne. Mutane ne a can, aka kwashe su tsakanin 1968 da 1973 don a ba sansanin sojan Amurka wuri a Diego Garcia, mafi girma cikin tsibiran. A 2019 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa ya kamata Birtaniya ta bar tsibiran, a 2021 kuma Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta daina amincewa da kan sarkin yankin. Duk wanda ya riƙe kwandalar wannan yankin ya san abin da ke bayanta.

Masu tarihi da marasa shi

Cikin waɗanda babu gwamnati a bayansu ma akwai daraja-daraja, kuma a nan ne idon mai tarawa ke aiki. Wasu an yi ciniki da su da gaske. Kamfanin haƙar kwal na Tarayyar Sobiyet, Arktikugol, ya buga wa ma'aikatansa na Spitsbergen, wani tsibirin Norwe a can arewacin duniya, kwandaloli a 1946, ya sake a 1993 bayan kamfanin ya koma hannun Rasha, don su riƙa sayayya a kantunan kamfanin. Ba kuɗin ƙasa ba ne, amma sun shiga aljihun leburori, sun sayi abinci, sun goge. Daga baya aka yi ta fitar da wasu da sunan Spitsbergen don masu tarawa kawai, kuma wanda bai san bambancin ba sai ya biya kuɗin na farko ya karɓi na biyu.

Wasu kuma labarinsu ne darajarsu. Martin Coles Harman, wani attajiri da ya sayi tsibirin Lundy a gaɓar Devon ta Ingila, ya ɗauki kansa tamkar sarkin wurin, a 1929 ya sa aka buga masa kwandaloli da hotonsa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma tsuntsun teku da ake kira fafin, ya sa musu suna fafin ɗaya da rabin fafin. Shi kam bai tsira ba, domin Lundy cikin Ingila yake kuma akwai masu kashe kuɗin a can. An gurfanar da shi a 1930 bisa dokar buga kuɗi ta 1870, aka ci shi tarar fam 5. Wannan shari'ar ce ta sa har yau ake neman kwandalolin. Sai Jamhuriyar Minerva, wadda ta fi kusa da tambayarka. Wasu 'yan kasuwa ƙarƙashin Michael Oliver suka jibge yashi a kan wasu duwatsun murjani da ruwa ke rufewa a kudu da Fiji da Tonga, suka ayyana ƙasa a Janairun 1972. Kafin shekara ta raba Sarkin Tonga Taufa'ahau Tupou na IV ya karɓe wurin. Duk da haka aka buga kwandalar dala 35 ta Minerva mai ɗauke da shekarar 1973, ta azurfa da ɗan zinariya a jikinta, kuɗin ƙasar da ta riga ta mutu kafin a buga shi. Ita ma ta bogi ce in ka bi doka, amma akwai abin da ya faru a duniya wanda take ba da shaida a kansa.

Naka na Bouvet ba su da ko ɗaya cikin biyun nan. Ba wanda ya taɓa sayen komai da su, ba wani yunƙuri ko rigima da suka fito daga ciki. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke fitar da na tsibirai goma ko ashirin a jere, girma ɗaya, ƙarfe ɗaya, salon rubutu ɗaya, suna da tsuntsu kawai ake canzawa. Ka jera hotunan na Heard da na Clipperton da mai sayarwar ya nuna maka kusa da naka, ina kyautata zaton za ka ga 'yan ɗaki ɗaya ne.

Yadda nake tantancewa

Abu na farko da nake yi shi ne duba kundin masu tarawa. Babban kundin kuɗin duniya na kamfanin Krause yana ba kuɗin hukuma lamba mai farawa da KM. Waɗanda ba na hukuma ba an ware musu wani kundi daban mai suna Unusual World Coins, lambarsu tana farawa da X. In ka ga X a gaban lamba, an gama magana. Shafin Numista ma yana raba kuɗin ƙasa da na ƙirƙira, kuma kyauta ake dubawa. Amma shigar abu kundi ba ta halatta shi, shaida ce kawai cewa akwai shi. Na sha ganin mai talla yana cewa "yana cikin kundi" kamar wanda ya kawo takardar kotu.

Na biyu, ina neman sunan hukumar da ta ba da izini da sunan masana'antar da ta buga. Na gaske ba sa ɓoye wannan, da shi suke taƙama. Takardar shaida mai zanen zinariya da ke zuwa cikin akwati ba ta da nauyin komai in wanda ya sayar ne ya buga ta. Haka maganar "saiti dubu biyu kacal". Wa ya ƙirga? Masana'antar gwamnati tana wallafa adadin da ta buga kuma ana bincikar littattafanta. Ɗan kasuwa mai hatimi a aljihun tebur, in kaya suka ƙare kasuwa kuma na nema, ba abin da zai hana shi komawa wurin inji.

Na uku shi ne ƙarfen, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi wata babbar kwandala mai sunan Kerguelen, tsibiran Faransa na kudancin Tekun Indiya, a hannun wani dillali da ya rantse azurfa ce tsantsa. Na san ta ƙirƙira ce, zanen ne ya burge ni, na ce ko ba komai azurfar tana nan. Na ɗora ta a sikeli ta ba ni nauyin da aka faɗa, na kwantar da hankalina. Sai bayan wajen shekara biyu na ga gefenta ya fara nuna ja. Jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa, aka ƙara masa kauri don nauyin ya cika. Tun daga ranar na daina yarda da sikeli shi kaɗai.

Ga abin da ya sa. Girman da aka fi buga irin waɗannan a kai shi ne na tsohuwar babbar kwandalar Birtaniya da ake kira "crown", faɗin milimita 38.61, nauyin giram 28.28, kuma ana yin na azurfa da na gamin jan ƙarfe da nikel duk a wannan faɗin da wannan nauyin. Kauri ne kawai ke bambanta su, don azurfa ta fi nauyi a ƙaramin jiki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce gwajin ruwa. Ka auna kwandalar a bushe ka rubuta. Sai ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifiri, ka ɗaure kwandalar da zare siriri ka nutsar da ita cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba na farko da na biyu. Azurfa tsantsa za ta ba ka wajen 10.5, mai lamba 925 (wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce) wajen 10.3, jan ƙarfe da gaminsa da nikel wajen 8.9, tutiya kuwa wajen 7.1. Sikelin da ke nuna giram har da lamba biyu bayan ɗigo ake bukata. Mayen ƙarfe ma yana taimakawa: in kwandala ta manne masa, ba azurfa ba ce, galibi baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. In ba ta manne ba kuwa, wannan bai tabbatar da komai ba, don jan ƙarfe ma ba ya mannewa. Kada ka kankare ta ko ka ɗiga mata ruwan gwaji, za ka ɓata ta a banza.

Saiti mai guda takwas irin naka yawanci ba a ma da'awar azurfa a kansa. Tagulla ce da farin ƙarfe da gamin nikel, wani lokaci da guda ɗaya mai launi biyu don ta yi kama da yuro. Ban riƙe naka a hannu ba, don haka ba zan yanke hukunci kan ƙarfensu daga nesa ba, amma in haka suke, kuɗin ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba.

To an cuce ka?

A maganar "kuɗin hukuma", e, an faɗa maka abin da ba haka ba. Ko dai mai sayarwar ya sani ya ɓoye, ko shi ma haka aka faɗa masa ya haddace, wanda hakan na faruwa fiye da yadda ake zato. In ka saya ta dandalin da ke da tsarin mayar da kaya kuma wa'adin bai wuce ba, kana da hujja mai ƙarfi: an siffanta kaya da abin da ba shi ba ne. Ka ɗauki hoton tallar tun kafin a canza ta. In kuma kuɗin da ka biya kaɗan ne kuma zanen yana ba ka sha'awa, ba laifi ka riƙe abinka. Ina da irinsu da dama, wasu aikin sassaƙarsu ya fi na kuɗin ƙasashe da yawa kyau, kuma su ne suka sa na zauna na karanta tarihin wuraren da da ban san da su ba. Ta dalilin wata kwandalar Clipperton na san labarin matan nan da yara 'yan Meziko da aka manta da su a tsibirin lokacin juyin juya halin ƙasarsu, har wani jirgin Amurka ya ceto waɗanda suka rage a 1917. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar tana ga wanda aka sayar wa rariya da sunan tulu.

Maganar ajiya don riba kuwa, ban ba ka shawara ba. Tsada tana zuwa ne in masu nema sun fi kaya yawa, ƙarancin kaya shi kaɗai ba ya kawo ta. Abin da aka buga dubu biyu amma mutum ɗari uku ke so a duniya, ya yi yawa. Sannan ka lura da wanda zai saya daga hannunka ran da ka tashi sayarwa. Dillalan kuɗin tarihi da yawa ba sa karɓar na ƙirƙira sam, manyan gidajen gwanjo sai dai su haɗa su tuli guda su sayar a dunƙule, wanda ya sayar maka kuwa gwada tambayarsa nawa zai saya in ka dawo masa da su, amsarsa za ta gaya maka ainihin farashin. Gaskiya ne akwai 'yan ƙalilan da suka yi daraja da tafiyar zamani, irin na Lundy da Minerva, amma a kan kowane ɗaya irinsu akwai ɗaruruwa da ke kwance a akwatuna ba mai tayawa.

Ko na Jojiya ta Kudu, da na ce halastattu ne, ba asusu ba ne. Na gamin nikel da aka saya sabo a cikin kwali yawanci farashinsa sauka yake yi in ya shiga hannu na biyu. Na azurfa ko zinariya yana da ƙasan da ba zai faɗa ƙarƙashinsa ba, wato kuɗin ƙarfensa, don haka kafin ka saya ka lissafa: oza ɗaya ta masu awon azurfa giram 31.1 ce, ka duba farashinta na ranar, ka ga nawa kake biya a kan ƙarfe, nawa kuma a kan hoto da kwali. In abin da ke kan hoto da kwali ya fi yawa, ka tabbata hoton kake so. Cikin huɗun da ka ambata, in dai sai ka ƙara, wannan ce kaɗai zan ce ka duba, ita ma guda ɗaya wadda ta kwanta maka a rai.

Waɗanda ke hannunka kuma, kada ka wanke su ko ka goge su da man goge ƙarfe, ka riƙa kama su ta gefe. In sun zo cikin leda mai laushi mai warin roba, cire su, don irin wannan ledar tana fitar da wani kore-kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Ka sa su a 'yan gidajen roba masu tauri ko ambulan takarda, a wuri marar laima. Sannan ka rubuta 'yar takarda ka haɗa da su: na ƙirƙira ne, ba na hukuma ba, ga shekarar da aka saya, ga abin da aka biya. Na ga magada sun ɗauki irin wannan akwatin zuwa wurin dillali da tsammanin dukiya, suka dawo suna zargin dillalin da son cutarsu, alhali gaskiya ya faɗa musu. In ka yi gwajin ruwan, aiko mini da nauyi da faɗin kowace ɗaya da abin da lissafin ya ba ka, tare da hoton gaba da baya da na gefe, sai mu ga ko da wane ƙarfe aka yi su.